Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinonin Lafiya na jihohin Arewa: a auna tairod kafin a ce gigin tsufa ne

Masu girma Kwamishinoni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni likita ne a wani babban asibitin jiha, kuma mafi yawan aikina a sashen masu zuwa a duba su su koma gida ne. Buƙata ɗaya ce ta sa na rubuto muku. Na san ba ta kai girman mace-macen mata wajen haihuwa ko zazzaɓin cizon sauro ba, amma ba ta da tsada, kuma ta daɗe tana jiran wanda zai sa mata hannu. Ina roƙon duk dattijon da aka kawo asibitin gwamnati saboda mantuwa ko rikicewar tunani a auna masa aikin tairod kafin a rubuta a katinsa cewa gigin tsufa ne, kuma jiha ta ɗauki nauyin gwajin da maganin da zai biyo baya.

Tairod ɗan ƙululu ne a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, nauyinsa kamar giram 20 ga babban mutum. Shi ne yake kumbura a ce mutum ya yi maƙoƙo. Aikinsa haɗa sinadarin tairoksin daga aidin ɗin da muke samu a abinci, sinadarin nan kuwa shi ke tsara saurin aikin kusan kowace gaɓa, daga bugun zuciya da ɗumin jiki da motsin hanji har zuwa saurin tunani. Wani ɗan ƙululun da ke ƙasan ƙwaƙwalwa shi ke ba shi umarni, ta hanyar sinadarin da ake kira TSH. Lamarin kamar na mai jaki ne: idan jakin ya rage tafiya sai sanda ta yawaita, idan ya zabura da gudu sai a janye ta. Haka TSH yake hawa idan tairod ya gaza, ya faɗi idan tairod ya wuce gona da iri. Ɗan jini kaɗan daga jijiyar hannu ya isa ya nuna inda aka dosa.

Ga yadda ake kawo wadda tairod ɗinta ya gaza, don galibi mace ce. Ɗanta ne ko surukarta za su riƙo hannunta, su ce, "Likita, Hajiya ta rikice. Ta bar tukunya a wuta, ta yi azahar sau biyu, in an yi mata magana sai ta jima kafin ta amsa." Sai ka dube ta. Ana tsakiyar bazara, kowa na fifita da katin asibiti, ita kuwa ta lulluɓa da mayafi mai kauri har da safa. Muryarta ta yi kauri ta dishe, fuska ta kumbura musamman ƙasan ido, fata ta bushe tana garje, gashin gefen gira ya zube. Ka tambayi bayan gida a ce sai ta kwana uku ko huɗu. Ka riƙe hannunta ka ƙirga bugun zuciya ka samu hamsin da 'yan kai. Ka buga jijiyar agara da 'yar gudumar roba, ƙafar ta motsa, amma komawarta wurinta sai a hankali, kamar tana shawara. Kowace ɗaya daga cikin alamomin nan iyali suna da amsarta: girma ne. Kuma ba su yi ƙarya ba, tsufa ma yana kawo kowace. Haɗuwarsu a jikin mutum ɗaya ita ce ke sa likita ya ce a auna.

Daga nan matsalar take farawa. A mafi yawan manyan asibitocinmu na ƙananan hukumomi ba a yin wannan gwaji. Sai a rubuta takarda a ce su je asibitin koyarwa ko ɗakin gwaji mai zaman kansa a babban birnin jiha. Ɗan ya lissafa kuɗin mota na mutum biyu, da kuɗin gwaji, da ranar kasuwa da zai rasa, ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Abin da ke biyo baya kun san shi. In tana tashi da dare tana surutai, a je kemis a karɓo maganin barci. A yi rubutu, a yi ruƙiyya, a ce sammu ne ko iska. A wasu gidajen, Allah Ya kyauta, tsohuwar da ta fara faɗin abin da babu kan gado sai a fara raɗe-raɗin maita a kanta. Maganin barcin nan kuwa shi ya fi tayar mini da hankali, domin ga wanda tairod ɗinsa ya gaza sosai, maganin barci da sanyin hunturu da ciwon huhu suna cikin abubuwan da ke jefa shi doguwar suma, wadda da yawa ba sa farfaɗowa daga ita ko a asibitin da ya amsa sunansa.

Ba sabon ilimi ba ne wannan. Tun a 1888 wani kwamitin likitoci a Landan ya fitar da rahoto a kan masu gazawar tairod, ya bayyana nauyin tunani da mantuwa da gane-gane da suke fama da su. A 1891 Dokta George Murray na Niyukasul a Ingila ya yi wa wata mata mai shekara 46 allurar ruwan da ya tatso daga tairod ɗin tunkiya. Ta farfaɗo, ta ƙara shekara 28 a duniya tana kan magani. A 1949 Dokta Richard Asher ya wallafa labarin marasa lafiya 14 da aka kawo da taɓin hankali, asalin ciwonsu kuwa gazawar tairod ne, ya kuma koka da yadda ake yawan kuskure shi. Shekara saba'in da wani abu ke nan da kukansa. Yau maganin ƙwaya ce 'yar mitsitsiya, lebotairoksin, tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta Amurka tun 2001 ta sa gwajin tairod da na bitamin B12 da binciken ciwon damuwa cikin abin da ake yi wa duk wanda ake zargin yana da cutar mantuwa. Littafin mhGAP, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda aka rubuta shi domin ƙananan ma'aikatan lafiya irin namu, ya umarce su su duba maƙoƙo da jinkirin bugun zuciya da bushewar fata ga mai mantuwa. To idan jami'in lafiya na ƙauye ya duba ya gani, ina zai tura jinin?

Yanzu bari in faɗa muku abin da zai rage wa buƙatata armashi, gara ku ji daga bakina. Mafi yawan tsofaffin da za a auna, sakamakonsu zai fito lafiya lau. Cutar Alzaima ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na cutar mantuwa a duniya, sai wadda toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke kawowa, kuma babu ƙwayar tairod da ke warkar da su. A 2003 wani nazari da ya tattara bincike da dama ya gano cewa kashi 9 cikin 100 na masu cutar mantuwa suna da wani dalili da ake ganin zai iya gyaruwa, amma waɗanda hankalinsu ya dawo da gaske, gaba ɗaya ko wani ɓangare, ba su wuce kashi 0.6 ba. Wannan lissafin kuwa ya haɗa dukkan dalilai ne, ba tairod kaɗai ba.

Batun ko matsalar tairod tana jawo Alzaima ita kanta, masana ba su daidaita ba. A Rotadam ta ƙasar Holan, binciken shekarar 2000 ya nuna tsofaffin da TSH ɗinsu ya yi ƙasa haɗarin kamuwarsu da cutar mantuwa ya ninka fiye da sau uku. A Firamingam ta Amurka an bi mutum 1,864 na kusan shekara 13, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna matan da TSH ɗinsu ke can ƙasa da waɗanda nasu ke can sama duk haɗarin Alzaima ya ninka musu fiye da sau biyu, ga maza kuma ba a ga komai ba. A Taiwan a 2022 an kwatanta masu cutar mantuwa 7,843 da wasu 7,843 marasa ita, aka ga 'yan shekara 65 zuwa sama da ke da tarihin gazawar tairod haɗarinsu ya ƙaru da kashi 81 cikin 100. Sai dai a 2021 an haɗa bayanan mutum 74,565 daga rukunin bincike 23, ba a ga wata alaƙa tsakanin ƙaramar tangarɗar tairod da raguwar tunani ko cutar mantuwa ba. Mafi ƙarfi a wurina shi ne binciken gwajin magani mai suna TRUST na 2017, da aka yi a Sikotilan da Ayalan da Holan da Suwizalan. An ɗauki tsofaffi 737 da TSH ɗinsu ya ɗan hau amma tairoksin ɗinsu na daidai, aka ba rabi magani, rabi ƙwayar da babu komai a cikinta. Bayan shekara guda babu bambanci a gajiya, babu a sauran alamomi, gwajin saurin tunani ma bai nuna amfani ba. Wani abin lura a binciken nan: kusan shida cikin goma na waɗanda aka tantance, da aka sake auna su TSH ɗin ya koma daidai da kansa, ba a ba su komai ba.

To me ya sa har yanzu nake roƙo? Domin duk binciken nan an yi shi ne a ƙasashen da gwajin tairod ke da sauƙin samu. Can gazawa mai tsanani tun tana ƙarama ake kama ta, shi ya sa abin da ya rage musu na muhawara shi ne ƙaramar tangarɗa. Hajiyar da na siffanta muku ba ƙaramar tangarɗa gare ta ba. Shekaru ta yi tana dusashewa ba a taɓa ɗibar jininta don wannan ba. A ganina irinta sun fi yawa a layin asibitocinmu fiye da a na Rotadam, kuma ko da an samu tana da Alzaima a kan gazawar tairod ɗin, gyara tairod zai sauƙaƙa mata zuciya da hanji da kasala, ya rage wa mai jinyarta wahala.

Akwai kuma dalilai biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko gishiri. Sai a 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Duk wanda ya haura shekara 65 a yau ya yi ƙuruciyarsa da samartakarsa kafin wannan doka, ya kuma haifi 'ya'yansa na fari kafin ita. Da yawansu suna ɗauke da tsohon maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle a ciki, wanda aka saba da shi har ba a ganinsa a matsayin ciwo. Irin wannan maƙoƙo da tafiya ta yi nisa wasu ƙulle-ƙullensa kan daina jin umarni, su riƙa zuba tairoksin yadda suka ga dama. Ga matashi yawan tairoksin yana zuwa da rawar hannu da gumi da zazzaro ido, ba ya ɓuya. Ga tsoho sau da yawa akasin haka ake gani: ya yi shiru, ya rame, ya daina kula da kowa, zuciya na bugawa ba tsari. Iyali su ce ya sallama duniya, likita ya tafi neman daji ko tarin fuka. Wannan bugun zuciyar mara tsari kuwa yana daskarar da gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa, ga shanyewar ɓarin jiki, ga mantuwar da ke bin bayanta.

Na biyu haihuwa. Matar da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, ɗan ƙululun nan na ƙasan ƙwaƙwalwa yana iya lalacewa saboda yankewar jini. Ana kiransa ciwon Shihan. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum: ta haihu a gida, jini ya ɓalle, da ƙyar ta sha, ruwan nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba, ba ta sake haihuwa ba. Shekara goma ko ashirin bayan nan sai ga ta a gabanka fara fat, ba kuzari, tunani ya yi nauyi, tana 'yar shekara hamsin amma ana ce mata tsohuwa. A ƙasashen da kusan kowa ke haihuwa a asibiti ciwon ya zama na littafi. A yankin da yawancin mata ke haihuwa a ɗaki kuwa yana nan da ransa. Na kawo shi ne saboda yana da tarko biyu. TSH kaɗai ba ya nuna shi, tunda mai ba da umarnin ne ya mutu, dole a haɗa da gwajin T4, wato tairoksin kansa. Sannan idan aka ba ta lebotairoksin ba a fara maye mata sinadarin kotisol ba, wanda shi ma ƙululun nan ne ke ba da umarnin haɗa shi, ana iya kashe ta da maganin. Tambaya ɗaya, "Bayan haihuwarki ta ƙarshe kin shayar?", takan buɗe ƙofar, amma sai an koya wa ma'aikaci ya yi ta.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake tsoro idan aka karɓi rabin roƙona aka bar rabi. Kada a sayo na'ura a fita da mota da lasifika a ce duk tsoho ya zo a auna shi. TSH yana ɗan hawa da shekaru ko ga mai lafiya, yana kuma rikicewa idan mutum na kwance da wani ciwo mai tsanani. Aka bi kowa da gwaji za a ɗora dubban mutane a kan maganin da ba sa buƙata, maganin kuma ba alewa ba ne. A 2023 masu bincike a Johns Hopkins sun duba bayanan tsofaffi 65,931, suka ga waɗanda tairoksin ya yi wa yawa yiwuwar a same su da matsalar tunani ta ƙaru da kashi 39 cikin 100, kuma cikinsu har da waɗanda maganin da aka rubuta musu ne ya yi yawa. Ƙari a kan haka ga lalacewar tsarin bugun zuciya da zaizayar ƙashi, wadda kan ƙare da karyewar ƙugu.

Yawan maganin nan abu ne mai sauƙin faruwa a wurinmu. Tsoho ana fara masa ne da kaɗan, kamar maikirogiram 25, a sake auna jini bayan mako shida zuwa takwas, a ƙara a hankali. Amma sau da yawa mai 100 kaɗai ake samu a kanta, sai jika ta sa reza tana raba ƙwayar da ba ta kai ƙwayar wake ba gida huɗu, yau ɓarin ya yi girma gobe ya zama gari. Gwajin bibiya kuma ba a komawa, tunda na farkon ma da ƙyar aka yi. Ana shan maganin ne da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa guda kafin koko ko shayi, a kuma nisanta shi da maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi da na gyambon ciki da awa huɗu, alhali su ne tsofaffinmu suka fi sha. Da azumi ya zo sai a haɗiye shi tare da sahur, ko a ajiye shi sai bayan salla. Duk waɗannan bayanin minti biyar ne daga mai ba da magani, in an tanadar masa takarda da Hausa, boko da ajami.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ku haɗa gwajin da maganin da bibiyar a ƙunshi ɗaya. Ba sai kowane asibiti ya mallaki na'ura ba. Jihohinku sun riga sun saba da masu babur da ke ɗaukar majinar masu tarin fuka da jinin masu cutar ƙanjamau zuwa manyan ɗakunan gwaji, jinin TSH kuwa yana jure kwanaki a cikin sanyi. Ɗakin gwaji ɗaya ko biyu a kowace shiyyar sanata, wanda ba a barin sinadaran aikinsa su yanke, zai wadatar. Kuɗin ma akwai ƙofarsa. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta lissafa tsofaffi cikin masu rauni da za a ɗauki nauyinsu, ga asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, ga hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohinku. Abin da ya rage shi ne a rubuta TSH da T4 da lebotairoksin mai 25 da 50 da 100 a cikin jerin abin da suke biya, a kuma fitar da ƙa'ida a takarda ɗaya: wa za a auna, yaushe za a maimaita kafin a yanke hukunci, wa za a ba magani, wa za a tura gaba. Tunda an riga an huda jijiya, a haɗa da sukari da B12 da adadin jini, a kuma zazzage ledar magungunan da tsohon ke sha a kan tebur a duba su ɗaya bayan ɗaya.

Wani nazari da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa masu cutar mantuwa a Najeriya sun tashi daga kimanin 63,500 a 1995 zuwa 318,000 a 2015, kuma tsofaffi ƙaruwa suke yi. Idan kowace jiha ta riƙa rubuta sakamakon gwajin nan a rajista guda, cikin shekara biyu ko uku asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri za su sami abin da za su zauna a kai su faɗa mana kashi nawa ne na masu mantuwarmu ke da matsalar tairod, kashi nawa kuma suka samu sauƙi da magani. A lokacin in alƙaluma sun nuna kuɗin bai biya ba, ni ne farkon wanda zai ce a sake lale.

Ina roƙon kowannenku ya umarci daraktan kula da asibitoci da shugaban hukumar taimakekeniya su zauna da likitocin sukari da tairod na asibitin koyarwa mafi kusa, su kawo masa lissafin kuɗin kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalam.

Naku,
Wani likita a babban asibitin jiha